Ɗanbaba da Jif Mai Ƙifta Ido

A garin Wara, bakin tafkin Kainji, an yi wani mai facin taya ana ce masa Ɗanbaba. Rumfarsa na kan hanyar da ta gangara kwata, inda jiragen masunta ke sauke kifi, kuma duk wanda ya taɓa kai masa ko tayar keke ya san ƙa'idar wurin: kafin a liƙe maka huji ɗaya, sai ka sha labarin Kaduna har ya gundure ka. Wata biyar ya yi a can, a wani babban garejin motoci, jim kaɗan bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Waɗanda suka gan shi a garejin sun ce tsintsiya da bokiti ne kayan aikinsa. Shi dai ya dawo da shuɗiyar rigar aiki mai aljihu bakwai, da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa, shi kaɗai kuma ke kiran kansa da shi.

Ɗanbaba yana da buri. So yake ya bar faci ya buɗe asibitin motocin zamani, irin masu ƙwaƙwalwa a ciki. Har allo ya sa aka rubuta masa da jan fenti: INJINIYA ƊANBABA, LIKITAN MOTOCIN KWAMFUTA. Allon ya shekara biyu jingine a bayan ɗaki kaji na shan inuwarsa, domin a duk ƙasar Ngaski babu mota mai ƙwaƙwalwa ko ɗaya da zai gwada gwanintarsa a kanta.

Ana nan sai surukarsa ta kawo masa ita har gida. Hajiya Rahamatu, uwar matarsa Hasiya, ita ce babbar dillaliyar ɗanyen kifi a kwatar Wara, mace ce da ko masunta masu furfura ke rage murya in ta iso. Ta gaji da yadda motocin haya ke kafewa a laka duk damina a hanyar Yelwa, kifinta yana kumbura a kwando, sai ta aika Legas aka sayo mata wata tsohuwar jif 'yar Beljiyam, koriya, doguwa kamar rumbu, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ba ta da kafireto irin wanda bakanikan ƙauye suka saba zuƙa da baki. Injekta ce, ƙwaƙwalwarta kuma na cikin wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujera. Hajiya ta ɗauki direba, Ishaya, wani Bakambare mai sanyin hali wanda in ya yi magana goma a wuni to ya yi surutu.

Wata uku jif na keta laka lafiya lau. Kullum in ta wuce rumfar faci sai Ɗanbaba ya karkata kunne, ya girgiza kai, ya ce wa na kusa da shi, "Ku bar ta. Za ta zo hannu."

Ana gobe kasuwar Yelwa ta zo hannun. Da safe Ishaya ya tashe ta, ta kama kakkarwa kamar mai masassara. In ya saki totur sai ta yi tari ta nemi mutuwa, in ya taka sai ta fizga, ta yi shiru, ta sake fizga. Sannan wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Hajiya ta ba wani mai jirgi saƙo zuwa Yelwa, a kira mata Dogo, bakaniken da ya san irin waɗannan motoci, ya biyo jirgin farko na gobe. Ita kuma ta shiga shirin ƙetare ruwa zuwa wata ta'aziyya, inda za ta kwana.

Labari ya iske Ɗanbaba yana tsakiyar facin tayar amalanke. Ya bar ta baki buɗe ya nufi gida da sauri.

"Hasiya, tashi ki tahi wurin Inna, ki ce ta hutar da Dogo. Ga likita cikin gida."

Hasiya na tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. "Baban Mairo, ka tuna rediyon Inna?"

"Wanga rediyo da ciwonshi yaz zo."

"Agogon bangonta fa?"

"Agogo ai shina tahiya har yau."

"Baya shika tahiya."

Duk da haka ta je, don ta san in ba ta je ba ba za ta sha ruwa da daɗi ba a ranar. Shi ma ya bi ta, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa kansa a sunkuye yadda ake yi a gaban suruka. Hajiya Rahamatu ba ta yi masa magana kai tsaye. Haka al'ada ta ce, ita kuma ta ga al'adar ta yi mata daidai. Ta juya wajen Ishaya, wanda ke tsaye riƙe da makulli.

"Ishaya, a gaya wa wanga bawan Allah shi duba da ido. Ido kaɗai. Kada hannunshi shi taɓa mini mota."

"Ya ji, Hajiya," in ji Ishaya.

Jirginta bai gama ɓacewa ba Ɗanbaba ya sa rigar aljihu bakwai ya iso gindin mangwaron ƙofar gidanta, inda jif ke tsaye. A hanya ya sanar da duk wanda ya gamu da shi, saboda haka kafin ya ɗaga bonet wurin ya cika: masunta da suka kwaso tarunsu don su yi ɗinki suna kallo, mata masu talla, da Baba Zaidu, wani tsoho mai jirgin fasinja wanda bakinsa bai taɓa barin kowa ya wuce lafiya ba.

"Ku matso ku ga ilimi," in ji Ɗanbaba. "Motar zamani ba a tambayarta da sifana. Magana taka yi. Wagga fitila da kuke gani, bakinta ke nan. In na haɗa mata waya za ta ƙifta ido, ni kuma in ƙirga. Lambar da ta ba ni ita ce sunan ciwon."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ya taɓa ganin wani bakanike yana yin haka a Kaduna, lokacin shi yana share ƙarƙashin motar da ke kusa. Abin da bai tsaya ya gani ba shi ne me ake yi da lambar bayan an ƙirga ta.

"Hajiya ta ce ido," in ji Ishaya.

"Ai ba ni za ni taɓa ta ba. Waya ce za ta taɓa ta."

Ya zaro guntuwar waya daga aljihu, ya buɗe wani ɗan murfi kusa da inji mai ramuka da yawa, ya yi bisimilla ya cusa. Ham ya kwarara ya ƙi tsayawa sai da ya zare. Ya ce gaisuwa ce ta yi. Ya sake cusawa a wasu ramukan, ya zagayo ya shiga gaban sitiyari, aka murɗa makulli, ga mamakin kowa har da shi kansa sai 'yar fitilar ta fara ƙiftawa.

Jama'a suka matso. Ɗanbaba ya ɗaga yatsa. "Ɗaya, biyu. Ta huta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ashirin da huɗu ke nan."

"Da biyar," in ji Baba Zaidu, wanda ya cusa kai ta ɗaya tagar.

"Baba Zaidu, kai da jirgi kas saba."

"Na saba da ƙirga fasinja, kuma ba a taɓa tsere mini da ɗaya ba. Ta ƙifta, kai ma ka ƙifta, guda ta wuce ka."

Aka sake. Wannan karon Ɗanbaba ya sa yatsu ya bangale fatar idonsa sama da ƙasa don kada ya ƙifta. Wani ƙuda da ya biyo ƙarnin kifin motar ya zo ya sauka masa daidai kan ƙwayar ido. Kafin ya gama share hawaye jama'a sun ɗauki ƙirgar da baki ɗaya, sun rabu gida uku: masu huɗu, masu biyar, da wata mai fura da ta rantse shida ta gani duk da tana bayan mota. Ɗanbaba ya ɗaga hannu ya yanke hukunci cewa ƙirgar injiniya ita ce ƙirga, huɗu ne.

Ya buɗe aljihun mota ya zaro littafin da ya zo da ita daga Turai. Ya lashi yatsa, ya buɗe tsakiya, ya bi layi da farce yana motsa leɓe yana gyaɗa kai.

"Malam Ɗanbaba," in ji Ishaya, "wannan ba Turanci ba ne. Na gwada karantawa."

"Turancin injiniyoyi ne. Ba a koyar da shi a firamare."

"Shafin nan hoton yadda ake ɗaura bel ne."

"Ai daga nan aka farawa." Ya rufe littafin da ƙarfi. "Ashirin da huɗu, jijiya ce ta riƙe."

Ya faɗa kan inji. Duk wata waya mai soket da hannunsa ya kai gare ta sai ya cire ta, ya hura mata iska, ya bar ta tana lilo don ta sha iska. Ya koma ya duba fitila. Maimakon lamba ɗaya sai ga ta tana zuba lambobi bi da bi, tana hutawa tana ci gaba, kamar mai kai ƙara gaban alƙali. Fuskar Ɗanbaba ta washe.

"Kun gani? Tun da anka kawo ta daga Turai ba ta samu wanda za ta faɗa wa cikinta ba sai yau."

"Ɗazu ciwo guda gare ta, yanzu bakwai," in ji Baba Zaidu. "In ka kai la'asar da ita sai mu nemo likkafani."

Bayan azahar Ɗanbaba ya koma kan wayoyin fulogi. Guda shida ne, wata doguwa wata gajera, sun harɗe da juna, wannan ta hau kan waccan. Ya riƙe haɓa yana kallonsu.

"Turawa ma akwai ƙazanta. Dubi yadda sunka cukurkuɗa su. Ta ina wuta za ta san hanya?"

Ya tumɓuke su gaba ɗaya, ya jera su a ƙasa daga ƙarama zuwa babba kamar 'yan gida ɗaya, ya mayar da su a haka, tsaf, babu wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Ya cire babban tiyon da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ya kai fuska daf da bakin don ya ji numfashinta da kunnensa, ya ce wa Ishaya ya ba ta wuta.

Ishaya ya dube shi, ya dubi sama, ya murɗa.

Ƙarar da ta tashi sai da jemagun mangwaro suka watse da rana tsaka. Wani jaki da ke wucewa da itace ya zubar da kayan ya yanki daji. Mai fura ta saki ƙwarya. Masunta uku suka zabura a lokaci guda suka faɗa cikin tarun da suke ɗinki, aka yi ta warware su kamar manyan tarwaɗa. Daga unguwar gaba wani ya taho da wuƙa da kwano yana tambaya ko dorina aka harbe.

Ɗanbaba ya ɗago a hankali. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, gashin bakinsa na ɓarin dama ya tafi, girarsa na hayaƙi.

"Atishawa ta yi," ya ce. "Alamar sauƙi ke nan."

Yayin da ya tafi wanke fuska, Ishaya ya sunkuya kan inji. Kowace wayar fulogi da lambarta a jiki, ya bi ya mayar da su yadda suke, ya mayar da tiyo da duk soket ɗin da ke lilo, ya cire kan batir ya mayar. Da aka tashe ta sai ta koma kakkarwarta ta safe, fitila kuma ta koma lambarta guda. Ɗanbaba ya dawo yana goge wuya, ya leƙa, ya juyo ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"Wa ya ce ba a samun sauƙi? Daga ciwo bakwai mun dawo da ita guda."

Ishaya ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya tafi kiran Hasiya, yana ganin ko ita za ta iya janye mijinta. Kuskuren da ya yi shi ne barin makulli a jiki.

Ɗanbaba ya zagaya jif sau biyu hannu a baya, sai ya tsaya a gaban tsohon mai jirgi.

"Baba Zaidu, injin jirginka in ka ba shi fetur zalla, ba ka gauraya da baƙin mai ba, mi ka faruwa?"

"Shi ƙone."

"To wagga baiwar Allah wata uku ana ɗura mata fetur gaya, ba miya. Ba dole ta yi kakkarwa ba?"

"Jirgi daban, mota daban, Ɗanbaba."

"Inji inji ne. Na ruwa da na tudu uwarsu ɗaya."

Ya aika rumfarsa aka ɗauko masa galan na baƙin mai, ya buɗe tanki ya tuttule shi kaf, ya kama jif ta gefe ya yi ta jijjiga ta don miya ta ratsa. Ya shiga ya tashe ta, ya danna totur. Da farko babu abin da ya canja. Can sai salansa ta fara fitar da wani hayaƙi shuɗi mai kauri, ya taso ya cika gindin mangwaro, ya tsallaka katanga ya shiga gidan Hajiya, ya bi layi. Mutum ba ya ganin wanda ke kusa da shi, sai dai ya gane shi da irin tarinsa. Wata tsohuwa cikin masu bandar kifi ta laluba har bakin taga.

"Mijin Hasiya, in kun gama ku ara muna ita. Itace ya yi wuya, ga karfasa kwando biyu na jiran banda."

"Ciwon ne ka fita, Iya. In bai fito ta baya ba ta ina kike so shi fito?"

A cikin hayaƙin nan ne kunnensa ya jiyo wani siririn sauti daga wajen inji, kamar maciji na huci. Wannan sautin kam da gaske yana nan, kuma da Allah ya sa ya bi shi a hankali da labarin ya ƙare daban. Amma a ganin Ɗanbaba babban ciwo ba ya zama a ƙaramin wuri. Ya laluba ya kama tiyo mafi kauri da hannunsa ya samu, wanda ya tashi daga inji ya shiga wata baƙar tukunya da ke manne a bango daidai saitin ƙafar direba.

"Ga ɓarawon. Shi ka sace mata numfashi."

Ya tumɓuke shi, ya tsinci totuwar masara a ƙasa ya toshe bakin da ita, ya doka da sifana har ta zauna daram. Bai san tukunyar nan ita ke ba birki ƙarfi ba, kuma babu wanda ya ga abin da ya yi saboda hayaƙi.

Ya koma ya leƙa. Fitila na nan tana kallonsa. Ya yi mata tsawa a hankali, ta ƙi. Ya ɗan buga gilashin da yatsa, ta ƙi. Ya waiga dama da hagu, ya ga hayaƙi ya rufa masa asiri, sai ya zaro sukundireba ya kwance allon gaban sitiyari, ya zare ɗan ƙwan fitilar, ya jefa shi a aljihu na bakwai, ya mayar da allon.

Ishaya ya iso da Hasiya tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Baban Mairo, gobara ce?"

"Sallama ce. Ishaya, leƙa ka gaya mata. Fitila na ci?"

Ishaya ya leƙa. "Ba ta ci. Amma har yanzu motar na kakkarwa."

"Wanda ya tashi daga jinya ai ba ya tashi da gudu." Ya kashe ta, ya zare makulli ya jefa a aljihu. "Makulli wurin likita shika kwana, sai an sallami majinyaci."

Washegari da hantsi kwatar Wara ta cika maƙil. Masunta sun dawo da kamu mai kyau, an jera wa Hajiya kwandunanta a bakin ruwa: giwan ruwa manya, karfasa, da tarwaɗa masu rai suna ta mutsu-mutsu. Gefe guda mata sun shanya 'yan ƙananan kifin nan, warangi, a tabarmi. Hajiya Rahamatu ta sauko daga jirgin da ya dawo da ita ke nan, tana gyara mayafi tana tambayar ina Ishaya, sai aka ji ham daga cikin gari, aka hangi hayaƙi na tahowa kamar ana ƙona saura.

Ɗanbaba ne. Ya ɗaure allon nan nasa a saman jif da igiya, ya zagaye gari da ita sau biyu, gwiwar hannu a taga, rabin gashin baki a gyare. Tuƙinsa na Kaduna ne, wato matsar da mota daga wurin wanki zuwa inuwa, amma cikin gari yashi ne, jif ɗin kuma ba ta da ƙarfin gudu, don haka bai nemi birki ba ko sau ɗaya. Can baya Ishaya na biye da shi da gudu yana ɗaga hannu, shi kuwa ya ɗauka jinjina ce, yana mayar masa.

Ya karyo kan gangaren kwata. Niyyarsa ya zo a hankali ya tsaya cak a gaban Hajiya, ya fito ya tsuguna ya miƙa makulli, garin Wara duka na kallo. Ya ɗora ƙafa a birki. Birki ya zama dutse. Ya ƙara ƙafa ta biyu, ya tashi tsaye a kai har kansa na dukan rufi. Jif ta ƙara mai. Ya kai hannu zai ja birkin hannu ya damƙo ƙaramin giya, ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta ci gaba. Ya murɗa wani abu kusa da sitiyari, waifa ta kama share gilashi.

Jama'a suka dare biyu. Jif ta bi ta kan tabarmin warangi, ta ture kwanduna uku, tarwaɗa suka ga hanya suka koma gida ba sallama. Ta wuce Hajiya da tazarar kamu ɗaya har iskarta ta ɗaga mata mayafi, ta shiga tafki a nutse kamar saniya mai jin ƙishirwa. Sai da ruwa ya kai gindin taga ta tsaya, ta yi gurnani sau biyu, ta saki kumfa ta baya, ta yi shiru.

Ɗanbaba ya fito ta taga ya haye rufi ya rungume allonsa. A ranar ne Wara ta san cewa ɗan garin nan, haifaffen bakin ruwa, bai iya iyo ba. Ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba, amma ya ƙi saukowa, yana roƙo a kawo jirgi. Baba Zaidu ya turo ƙaramin kwalekwale har gefen jif, ya dogara sanda, ya ɗaga kai.

"Likita, barka da asuba. Yanzu lamba nawa ta ce?"

Daidai lokacin jirgin Yelwa ya iso, ya ratsa ta gefensu. Wani dogon mutum mai jakar kayan aiki a cinya ya dubi jif, ya dubi mutumin da ke samanta, ya karanta allon daga farko har ƙarshe. Dogo ne.

"Wannan ce anka kira ni in duba? An ce mini kakkarwa take. Ba a ce mini wanka take ba."

Sai da aka haɗa masunta ashirin da igiyar jirgi da shanun noma biyu kafin aka jawo ta tudu, ruwa na zuba ta ƙofofi huɗu. Dogo ya ɗaga bonet. Abin da ya fara cirowa totuwar masara ce. Ya ɗaga ta sama ya juya ta kowa ya gani, ya ajiye. Ya sa yatsa a bakin tanki ya shinshina. Ya leƙa gaban sitiyari ya tambayi ina ƙwan fitila. Hasiya, wadda ta san halin kayanta, ta ratso jama'a, ta zura hannu a aljihun mijinta na bakwai ta zaro shi ta miƙa.

"Tun farko lamba nawa ta nuna?" in ji Dogo.

"Ashirin da huɗu," in ji Ɗanbaba.

"Da biyar," in ji Baba Zaidu da Ishaya da kusan rabin kwata.

"In ashirin da biyar ce, cewa take iska ta yi mata yawa." Dogo ya zura hannu bayan inji ya laluba, ya zaro wani ɗan siririn tiyo bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Gefensa a gwaguye yake, ga sawun haƙora. "Ɓera ne. Ƙarnin kifi ya kawo shi, bai samu kifi ba ya ci roba. Da an yanke bakin an mayar, kafin shayi shi huce an gama."

"Yanzu fa?" in ji Hajiya.

Dogo ya buɗe akwatin da iska ke bi, wata 'yar karfasa ta yi tsalle ta faɗo ƙasa. "Yanzu sai an sauke tanki, an wanke inji, an shanya ƙwaƙwalwa. In ba ta sha ruwa har ciki ba, sati uku. In ta sha, sai an aika Legas."

Ɗanbaba, wanda ke tsugune ruwa na ɗiga daga aljihunansa, ya gyara murya.

"Ai ni ma iska na ce. A tambayi kowa, na ce ana sace mata numfashi. Tsakanina da Dogo kaurin tiyo ne kawai bambanci."

Dariya ta kwantar da mutane a yashi. Hajiya Rahamatu kaɗai ba ta yi ba. Ta dubi rana, ta dubi sauran kwandunan kifinta, ta ce Baba Zaidu ya matso da babban jirgi, ta ruwa za a kai su Yelwa. Sannan ta juya ga direbanta.

"Ishaya, a gaya wa wanga bawan Allah, tunda ya hutar da mota, shi ne mota. Daga yau har ta tashi, duk kwandon da za shi jirgi, da duk wanda za shi fita jirgi zuwa kasuwa, bisa kanshi za shi bi."

"Ya ji, Hajiya."

Kwando goma sha ɗaya Ɗanbaba ya ɗauka a ka, ruwan kifi na bin wuyansa yana shiga rigar aiki, mata na yi masa ham da baki duk sanda ya wuce. Aka gama lodi, aka cusa shi tsakanin kwanduna, Hajiya ta zauna gaba, Baba Zaidu ya ja inji suka kama hanyar Yelwa.

Sun yi nisa, gaɓa ta koma siririn zare ta kowane ɓangare, sai injin jirgi ya yi tari sau ɗaya. Ya sake yi. Ɗanbaba ya karkata kunne. Idonsa ya yi haske, hannunsa ya tafi aljihu, ya fara miƙewa a hankali.

"Baba Zaidu, wanga tari na san shi. A Kaduna..."

Hajiya ba ta ko waiwayo ba.

"Zaidu, in ya kai hannu ga injin nan ku jefa shi ruwa. Ni zan yi wa ɗiyata bayani."

Fasinjoji biyu majiya ƙarfi suka matso, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna naɗe hannun riga. Ɗanbaba ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya dubi ruwa. Ya koma ya zauna a kan hannuwansa biyu, bai zare su ba har Yelwa.